Kafin Ka Tsaya a Ƙofar Jirgi

Ɗana,

Labari ya iso mini cewa sunanka ya fito cikin waɗanda za a tura Jaji koyon dira da laima. Na yi maka murna, na kuma yi maka addu'a, Allah ya sa alheri ne ya kira ka. Mahaifinka ya ce in zauna da kai tunda na bi wannan hanya tun ba a haife ka ba. Ni kuwa na ga gara in rubuta, domin akwai ƙannenka da abokanka a unguwa da su ma idonsu yake kan kaki. In ka karanta, ka miƙa musu.

Mu mutanen Bauchi da sojan ƙasa muka saba. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san barikin Shadawanka inda birget ta 33 ta masu igwa take, ya kuma san tankokin yaƙi na makarantar motocin sulke. Kayan ƙasa ne duka, masu nauyi, masu tayar da ƙura. Sai a 'yan shekarun nan, zamanin da Sadique Abubakar mutumin Azare ya shugabanci sojojin sama daga 2015 zuwa 2021, aka kafa hedkwatar rundunarsu ta ayyuka na musamman a nan garin, yaranmu suka fara ɗaga kai suna kallon sama da sha'awa. Tun daga nan, duk majalisar da na zauna aka ji cewa na taɓa dira, tambaya ɗaya ake yi mini: "Baba, da ka tsaya a ƙofar jirgin, me ka ji?" Ina ba su amsa daidai gwargwado, amma a raina na san sun tambayi mafi gajartar abin. Tsayuwar ƙofa ba ta wuce ƙiftawar ido. Abin da ke sauko da mutum lafiya an gama shi tun a ƙasa, wani da jikinka, wani kuma da hannun mutanen da wataƙila ba za ka taɓa ganin fuskarsu ba.

Kwanakin farko ba za ka ga jirgi ba sai daga nesa. Faɗuwa za a koya maka. Za ka hau wani dandamali da bai wuce tsayin ƙirjinka ba, ka diro cikin ramin yashi, ka tashi ka kakkaɓe, ka koma layi. Gaba, baya, dama, hagu, daga hantsi har rana ta take, gobe ma haka. Ƙafafu a haɗe, gwiwoyi a haɗe kuma a ɗan tanƙware, haɓa a manne da ƙirji, gwiwar hannu a matse kusa da jiki. Wuri biyar ake so su taɓa ƙasa bi da bi: gaban tafin ƙafa, sha-raɓa, cinya, mazaunai, sannan gefen baya. Hikimar ita ce a raba bugun ƙasa ga gaɓoɓi da yawa, kada ƙashi ɗaya ya ɗauke shi shi kaɗai.

Ka san dalili, domin abin da mutum ya san dalilinsa ya fi zama a jikinsa. Laimar da kake gani a talabijin, mai kusurwa huɗu, wadda mai ita ke juya ta yadda ya so ya sauka a tsaye yana murmushi, ta masu wasa ce da wasu zaratan da suka yi nisa a horo. Wadda za a ba ka zagayayya ce, an ɗinka ta don ta sauko da soja da kayansa cikin hanzari, tun maƙiyi bai saita shi ba. Tana saukowa da kai wajen mita shida zuwa bakwai a kowace daƙiƙa. Bugun da za ka ji kamar ka diro ne daga kan katangar gida da ta ɗara tsayin mutum, sai dai a nan iska na jan ka gefe, kuma ba kai ka zaɓi inda ƙafarka za ta faɗa ba. Idan ƙasa ta taso maka, jikinka zai so ya yi abin da ya saba tun kana yaro, wato ya miƙa ƙafa ɗaya ta riga 'yar'uwarta, ko ya tura hannu ya tare. Nan ne idon sawu ke karyewa, nan ne wuyan hannu ke tafiya. Shi ya sa za a ce kada ka kalli ƙasa a ƙarshen saukar, ka miƙa idonka can inda sama ta haɗu da ƙasa, ka bar ƙafafunka su tarar da ita da kansu. Wannan ɗabi'a da aka haife ka da ita ba ta fita da bayani. Maimaici ke fitar da ita, har jiki ya riƙa yin daidai ba tare da ya shawarci zuciya ba.

Marubuta tarihi sun ruwaito labarin Abbas bin Firnas, masanin birnin Ƙurɗuba a Andalus, wanda a ƙarni na 9 na Miladiyya ya ɗaura wa kansa fukafukai ya tashi sama, ya ɗan yi nisa, amma wajen sauka ya ji rauni a bayansa. Fiye da shekara dubu ke nan, kuma har yau mafi yawan raunin sojan laima a wajen taɓa ƙasa ake samunsa.

Saboda haka kada ka ƙullaci sajen da zai tsaya a bakin ramin yana ce maka "sake". Zai faɗa har ka ji kamar da kai kaɗai yake gaba. Zai ga ɗan tsakanin da ke gwiwoyinka wanda kai ba ka ji ba, ya mayar da kai layi, abokanka na kallo. Ni na san irin waɗannan mutane, daga baya ma na zauna da su na sha shayi. Kowannensu ya taɓa ɗaukar wani yaro a makara daga fili, kuma ba ya son ya sake. Tsawarsa daga nan take fitowa. In ya gyara maka, ka ce to, ka gyara, kada ka tsaya kawo hanzari. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Daga rami sai hasumiya. Tsarin kusan ɗaya ne a ƙasashe da yawa. A makarantar sojan laima ta Amurka da ke Fort Benning, mako uku ake yi: na ƙasa, na hasumiya, na dira. Hasumiyarsu ƙafa 34 ce, kuma sai mutum ya dira sau biyar daga tsayin ƙafa 1,250 kafin a manna masa bajon fukafukai. Za a ɗaura maka ɗamara, a maƙala ka a wata waya mai gangarawa, a ce ka fita ta wata ƙofa da aka yi ta daidai da ta jirgi. Zan faɗa maka abin da na gani da idona: maza da yawa sun fi jin tsoron hasumiya a kan jirgin kansa. Daga jirgi ƙasa ta yi nisa, ba ta da tsakuwa ba ta da fuska. Daga hasumiya kuwa kana ganin komai, har takalmin wanda ke jiranka a ƙasa, kuma zuciyarka ta san daidai irin abin da wannan tsayi zai yi wa ƙashi.

To ga maganar tsoro. Za ka ji shi, kuma ba abin kunya ba ne. Bakinka zai bushe, cikinka zai juya, tafin hannunka zai jiƙe. Na yi dira tare da mutanen da suka ga yaƙi, kuma ban ga wanda ya saba har ya daina jin komai ba. Wanda ya ce maka shi ba ya ji, ko dai yana ɓoyewa, ko kuwa ka yi nesa da shi a layi, domin wanda ba ya jin tsoro ba ya duba kayansa sau biyu. Tsoron nan shi zai sa ka sake shafa ƙugiyarka, shi zai sa ka kasa kunne ga umarni. Aikinka ka riƙe shi ya yi maka hidima, kada ka bari ya riƙe ka.

A nan ne nake so in ja kunnenka da na ƙannenka a kan wani abu da ke ci mini rai. Na ga yadda wasu yaranmu a garin nan suka ɗauki jarumta. Wani ya haɗiyi tiramadol ya hau babur ya ɗaga ƙafar gaba a tsakiyar titi, wani ya sha kodin ya shiga cikin 'yan sara-suka yana ji kamar ƙarfe ba ya kama shi. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma kai ma ka san bai ɓace daga lunguna ba. Kada ka yarda wani ya zo maka da daren dira ya ce ga abin da zai "tsayar maka da zuciya". Ƙwaya tana kashe tsoro, gaskiya ne, amma tare da shi take kashe lissafi, kuma a sama lissafi ne ranka. Daƙiƙu kaɗan kake da su ka gane laimarka ta buɗe ko ba ta buɗe ba. Wanda kansa ya yi nauyi zai gane, amma a makare. Kuma ba ransa kaɗai ya sa a caca ba, har da na wanda aka ba shi amanar duba bayansa.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi so ka riƙe a duk takardar nan. Akwai wani dogon ɗaki mai dogayen tebura, inda ake naɗe laima. Ɗalibai ba su cika leƙa shi ba, kuma masu aiki a ciki ba a jin sunansu ranar fareti. Laima irin ta Amurka da ake kira T-10, wadda sojojin ƙasashe da yawa suka daɗe suna amfani da ita, faɗinta ƙafa 35 ne, igiyoyinta 30. Bayan kowace dira sai an rataye ta an kakkaɓe ciyawa da ƙasa da ƙwari, in ta sha raɓa a bar ta ta bushe a inuwa. Sai a shimfiɗa ta a bi ta ƙyalle-ƙyalle ana neman yagewa ko ƙuna ko tabon mai, a bi igiyoyin ɗaya bayan ɗaya kada wata ta hau kan wata, sannan a ninke ta da tsari a cusa cikin jaka ta yadda za ta fito bi da bi, igiya kafin ƙyalle ya cika da iska. In ya gama, mai naɗin zai sa hannu a wani ɗan littafi da ke tafiya da laimar duk inda ta je. A Amurka al'adarsu ce mai naɗi shi ma ya iya dira, kuma ya kasance a shirye ya dira da duk laimar da ya naɗe.

Ka yi tunanin wannan mutum. Zafi ya dame shi, wataƙila albashi ya yi jinkiri, wataƙila ɗansa ba shi da lafiya a gida, ga laimomi a tare suna jiransa. Ba wanda yake tsaye a kan kowace igiya da ya taɓa. In ya ga wani ɗan abu da bai kwanta masa ba, yana iya cewa ai ba komai, ya wuce. Bai san ka ba, bai san sunan mahaifiyarka ba, bai san kai ɗan Bauchi ne ko ɗan Kalaba ba, Musulmi ne kai ko Kirista. Amma ya warware ya sake daga farko. Ni duk tsawon zamana a soja ban ga abin da ya bayyana mini ma'anar amana kamar wannan ba. Na sauko lafiya, na yi aure, na haifi 'yan'uwanka, na ga jikoki, kuma bayan ikon Allah, sanadin haka wasu mutane ne da suka yi aikinsu tsakani da Allah a lokacin da ba mai ganinsu.

Za ka ji wasu na cewa ai kwana in ya ƙare ya ƙare, duba kaya ba ya ƙara wa mutum rana. Gaskiya ne ajali ba ya gaba ba ya baya. Amma ka tuna mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya ɗaure ta tukuna sannan ya dogara. Sakaci ba tawakkali ba ne. Ka duba, ka sake dubawa, sannan ka miƙa lamarinka ga Mai shi da zuciya ɗaya.

Ranar dira, mafi yawanta jira ne. Ka kewaya ka yi alwala tun kafin a ɗaura maka ɗamara, domin in an ɗaure an duba, ba kwancewa. Maɗaurin da ke bi ta cinyoyi zai matse ka har ka kasa miƙewa sosai. Kada ka sassauta shi don neman sauƙi, in laima ta fizge ka za ka gode wa wannan matsi. Babbar laima tana bayanka, ta ko-ta-kwana tana ƙirjinka, hannunka kuma yana kare mariƙinta kada ya maƙale a wani abu ta buɗe a cikin jirgi. Jirgin C-130 yana ɗaukar sojan laima 64, a zaune gwiwa da gwiwa. Ƙara ba ta barin ka ji maganar na kusa da kai, ga warin mai, ga zafi, wani zai yi amai, kada ka yi masa dariya. Wannan lokaci naka ne da Ubangijinka. Ka karanta abin da ka saba karantawa, na kusa da kai ma ka bar shi ya yi tasa addu'ar yadda ya iya.

Sai jar fitila ta kama, mai kula da ƙofa ya miƙe. Da Turanci zai ba da umarni, da hannu kuma zai nuna saboda ƙara: a shirya, a miƙe, a maƙala ƙugiya, a duba igiya, a duba kaya. Ƙugiyar nan tana kan wata igiya mai launin rawaya da ke haɗe da jakar bayanka, za ka maƙala ta a wayar da ta bi tsawon jirgin. Ita ce za ta zare laimarka da zarar ka fita, kai ba abin da za ka ja. To lura da wannan: laimarka tana bayanka, ba ka iya ganinta. Na bayanka ne zai bi igiyarka da ido da hannu ya tabbata ba ta bi ta ƙarƙashin hammatarka ba, ba ta naɗe wani abu ba. Kai kuma ka yi wa na gabanka. In ya gamsu sai ya buge ka a cinya, kai ma ka buga wa na gaba, har saƙon ya isa ƙofa cewa kowa lafiya. Kada ka taɓa buga wa mutum cinya don kawai an buga maka. Ko shi ne wanda kuka yi faɗa da shi jiya a kan layin abinci, ko ba ka jin yarensa, ka duba bayansa yadda kake so a duba naka. In ka ga abin da bai yi maka ba, ka ɗaga hannu, ko da jirgin zai sake zagayowa saboda kai. Ba a taɓa zagin soja a kan haka ba a wurin masu hankali.

Fitila ta koma kore, layi ya motsa, kuma gaskiyar magana ba za ka sami lokacin tunani ba. Ka miƙa igiyarka ga mai ƙofa, ka juya, ka fita da ƙarfi, haɓa a ƙirji, ƙafafu a haɗe, hannuwa a kan laimar ko-ta-kwana. Jirgin yana gudun da ya haura kilomita 200 a awa, iskar za ta kwashe ka ta watsa baya. Kana fita ka fara ƙirga da ƙarfi: dubu ɗaya, dubu biyu, dubu uku, dubu huɗu. Kafin ka kai ƙarshen abin da aka koya maka za ka ji an fizge ka ta kafaɗu. Ka ɗaga kai ka duba. In ta cika ta yi zagaye, alhamdu lillahi. In igiyoyin sun murɗe a bayan wuyanka, abu ne da ke faruwa sau da yawa, ka kama maɗauran ka buɗa su, ka riƙa harba ƙafafu har ka warware. In kuwa ƙirgenka ya ƙare ba ka ji fizga ba, ko ka ga kana wuce 'yan'uwanka zuwa ƙasa, ka ja ta ko-ta-kwana nan take. Kada ka jira ka ga ko za ta gyaru, kada ka ji kunyar a ce ka firgita.

Sannan shiru. Bayan duk wannan ƙara, za ka ji duniya ta yi tsit, har kana jin muryar wani can nesa yana kabbara ko yana ihun murna. Gonaki a shimfiɗe, hanyoyin ƙafa sun ratsa su, ga garken shanu can, ga rufin kwano na walƙiya. Ba zan ɓoye maka ba, ban taɓa ganin abin da ya sa na ji ƙanƙantar kaina da girman Mahaliccina lokaci guda kamar wannan ba. Ka ɗanɗana, halal ɗinka ne. Amma abin duka bai fi minti ɗaya da 'yan kai ba, kuma ba kai kaɗai ne a sama ba. Ka waiga ko'ina. In ka bi ta saman laimar wani, tasa za ta tare maka iska, taka ta saki, ka faɗo masa. Ƙa'ida ita ce na ƙasa ke da hanya, na sama ne zai kauce, ta hanyar jan maɗauri zuwa ɓangaren da yake son zamewa. Ka lura da inda iska ke kai ka, ka nemi bishiya da wayar lantarki da ruwa tun da sauran tsayi. Sai ka haɗe ƙafafu, ka miƙa ido nesa, ka bar ramin yashin nan ya yi aikinsa. In ka taɓa ƙasa ma ba ka gama ba, musamman da hunturu, domin iska na iya sake cika laimar ta ja ka a kan ƙaya da kututture. Ka saki maɗauri ɗaya yadda aka koya maka, ko ka miƙe ka zagaya bayanta ta kwanta.

Wani abu kuma, kada ka ɓoye ciwo. Ina da aboki, Allah ya jiƙansa, jarumin gaske, wanda ya gurɗe a ƙafa a wani atisaye, ya ɗaure da tsumma cikin takalmi ya yi shiru don kada a mayar da shi baya a bar shi a kwas na gaba. Da ya sake dira, jikinsa da kansa ya kare ƙafar mai ciwo, nauyin duka ya sauka a kan ɗayar, ta karye. Ya warke, amma da ɗingishi ya ƙare aikinsa, kuma bai sake shiga jirgi da laima ba. Da ya je wurin likita, makonni kaɗan zai rasa. Ku samari kuna ganin jinkiri kamar mutuwa ne. Gwiwoyin nan da bayan nan su za ka yi ruku'u da sujada da su in Allah ya ba ka tsawon rai, ka tausaya musu tun yanzu.

Ka kuma san abin da ake shirya ka dominsa, kada ka ɗauka dirar ce aikin. Laima abin hawa ce kawai, tana kai soja inda mota ba ta zuwa. A watan Mayun 1941 Jamusawa sun kama tsibirin Kirit na Girka da sojan laima, amma sun yi asarar dubban mutane, har Hitila bai sake yarda da babban hari irin wannan ba. A daren 6 ga Yunin 1944, sojojin laima na Amurka wajen 13,000 sun dira a Nomandi ta Faransa, duhu da gajimare da harbi suka tarwatsa su, da yawa suka faɗa nesa da inda aka nufa. Abin da ya cece su shi ne duk waɗanda suka haɗu a duhu, ko ba ƙungiyarsu ɗaya ba, sai su haɗa kai su ci gaba da aiki. A nahiyarmu ma an gani: sojojin Faransa sun dira a Kolwezi ta ƙasar Zayar a 1978, sun kuma dira kusa da Timbuktu a Janairun 2013. Galibi, da zarar ƙafa ta taɓa ƙasa, sojan laima ya koma sojan ƙasa mai tafiya da ƙafa, ba tanka ba igwa, sai abin da ya ɗauko a jikinsa da mutanen da suka sauko tare da shi.

In iska ta kai ka gonar wani, ka tuna kai ɗan manoma ne. Za ka ga yara sun sheƙo da gudu suna kallonka, wani dattijo ya fito yana duban dawarsa da ka kwantar. Ka yi masa sallama, ka ba shi haƙuri, ka naɗe laimarka ba tare da ka ƙara tattake masa shuka ba, in ɓarnar ta yi yawa ka sanar da na gaba da kai. Haka in ka dawo gida da fukafukai a ƙirji. Na ga waɗanda bajo ya sa suka fara marin ɗan acaɓa a Wunti, suna tsallake layi a gidan mai, suna yi wa sa'an mahaifinsu tsawa a kasuwar Muda Lawal. Ina jin kunya in na gani. Kuɗin wannan ɗan acaɓa da wannan mai kayan miya ne suka sayi laimar da ta sauko da kai da man jirgin da ya ɗauke ka.

Kafin ka kama hanyar Jaji, ka tuna ba a fafe gora ranar tafiya. Ka fara gudu da safe tun yanzu, ka saba da takalmin da za ka dira da shi kada ka je da sabo. In akwai bashi a kanka ka biya, wanda ba ka iya biya ba ka rubuta ka bar wa mahaifinka. Ka duba takardunka na aiki ka tabbata sunan magajin da ke ciki daidai ne, domin na ga iyalai sun sha wahala a kan harafi ɗaya. Wannan ba fatan tsiya ba ne, haka kowane matafiyi mai hankali yake yi. Ka je ka durƙusa gaban mahaifiyarka ka nemi albarkarta, kada kuma ka faɗa mata ranar da za ku dira, ka bari sai ka sauko ka kira ta.

Sai kuma saƙona. In kun gama, kafin ka shiga mota, ka sayi goro ka nemi ɗakin masu naɗe laima. Ka shiga ka gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi wanda sa hannunsa ke cikin littafin laimarka ta ƙarshe, ka ce wani tsohon soja a Bauchi yana gaishe su yana kuma yi musu addu'a.

Allah ya kai ka lafiya, ya sauko da kai lafiya.

Baffanka.